Tuwo da Dokar Kuka: Daren da Muka Koma Rumawa a Gwagwalada

Ranar Talatar da ta wuce an ɗauke mana wuta tun la'asar, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Gwagwalada cikin watan Maris ya san abin da hakan ke nufi. Ba karatu, ba barci. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki mu huɗu, kowa na fifita da abin da ya samu, ni da babi na biyu na kundina da aka dawo mini da shi cike da jan biro. A cikinmu akwai wani abokinmu da ya zo mana kwana daga Bwari, ɗan Makarantar Horon Lauyoyi, wanda tun bai gama ba muke ce masa Barista. Shi tun yana aji uku ya kamu da son Latin, har ƙamus gare shi a waya. Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar da ya mutu, ya ce, "Lux ablata est."

Muka ce, "Barista, me ke nan kuma?"

Ya ce, "An ɗauke wuta. Da harshen Rumawa."

Shi ke nan fa, hira ta samu. Kowa ya riƙa jefo masa maganar yau da kullum yana mayar da ita Latin. "Ina hanya," wadda mutum ke faɗa yana kwance a kan katifa, ta zama In via sum. "Malam bai shigo ba" ta zama Magister non venit. Garau-garau, da ya riƙe da yawanmu tun daga aji ɗaya har zuwa digiri na biyu, ya samu sarauta: oryza cum fabis, oleo et pipere, wato shinkafa da wake da mai da yaji. Wallahi in ka ji yadda yake furta shi sai ka rantse abincin otal ɗin Maitama ne. "Ba ni da ko sisi" kuwa Pecuniam non habeo. A nan ya tsaya ya yi mana darasi, wai kalmar pecunia, kuɗi, ta fito ne daga pecus, dabbobin kiwo. Na ce ashe Rumawa ma Fulani ne, tunda mu ma in Bafulatani ya ce dukiyarsa, shanunsa yake nufi.

Wadda ta kashe mu da dariya ita ce ta tuwo da miyar kuka. Tuwo bai ba shi wahala ba, Rumawa na da wani fate na hatsi da suke kira puls. Kuka kuma masana tsirrai sun riga sun raɗa mata Adansonia digitata. Sai ga shi a Latin kalma ɗaya, ius, ita ce doka, ita ce kuma romo ko miya. Saboda haka puls cum iure adansoniae na iya zama tuwo da miyar kuka, yana kuma iya zama tuwo da dokar kuka. Kuma ba mu muka fara wannan wasa ba. A shekara ta 70 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da lauyan nan Cicero ya gurfanar da wani gwamnan Sisili mai suna Verres kan cin hanci da zalunci, ya kawo barkwancin da mutanen gari ke yi da wannan kalma. Sunan gwamnan na nufin namijin alade, don haka "shari'ar Verres" da "romon alade" lafazinsu ɗaya ne. Sama da shekara dubu biyu ke nan talakawa na rama wa alƙali da baki.

Muna cikin dariya sai na huɗunmu, wanda ke digiri na biyu a fannin kwamfuta, muna ce masa Injiniya, ya ce, "Ku yi ta dariya. Haka nake ji in na ji ɗan jarida ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa ko wayar tafi-da-gidanka. Duk abu ɗaya ne. An ɗauko tsohon harshe an sa masa kwat da nakatayi. Nan da shekara ɗari Hausa ma Latin za ta zama, a yi wa'azi da ita, a yi waƙa, a yi barkwanci, amma ilimi sai da Turanci."

Na so in ba shi amsa a take, amma zafi da sauro ba su bar ni ba. Kwana uku ina juya maganar, ga shi na zo da ita nan. Ku yi haƙuri da tsawonta, ɗan tarihi ba ya iya gajarta zance.

Abin da Barista ya yi mana a kan tabarma, akwai masu yin sa a matsayin aiki, da albashi. A 1976 Fafaroma Paul na Shida ya kafa wata gidauniya a Fadar Vatican mai suna Latinitas, domin raya Latin. Ita ce ta fitar da ƙamus na sababbin kalmomi a mujalladi biyu, na farko a 1992, na biyu a 1997, mai ɗauke da kalmomi wajen 15,000. Dalilinsu mai ƙarfi ne: har yau manyan takardun fadar da Latin ake ajiye su, to in Fafaroma zai yi magana a kan talabijin ko makamin nukiliya, dole a samo musu suna. A can kwamfuta ita ce instrumentum computatorium, wato kayan aikin lissafi. Taba sigari fistula nicotiana, bututun nikotin. A ƙasar Finlan kuma gidan rediyon gwamnati ya shekara talatin, daga 1989 zuwa 2019, yana karanta labaran duniya da Latin duk mako na 'yan mintoci. Wani Ba'amurke marubucin barkwanci, Henry Beard, ya fitar da littafi sukutum a 1990 wanda ba abin da ke cikinsa sai irin wasanmu na daren Talata. Kuma kada a ce ba ta da rana: a ranar 11 ga Fabrairu 2013, da Fafaroma Benedict na Sha Shida ya sanar da murabus ɗinsa, da Latin ya yi. 'Yar jaridar da ta riga kowa fitar da labarin, Giovanna Chirri ta kamfanin dillancin labarai na Italiya, ta riga su ne don ita ta ji abin da ya faɗa, saura na jiran tafinta.

To me ya sa bututun nikotin ke ba mu dariya? Ni a ganina ba tsufan harshen ba ne. Dalilin shi ne babu wanda zai taɓa shiga shago ya ce a ba shi fistula nicotiana kara biyu. Kwamiti ya zauna ya ƙirƙiro kalma, ya rubuta ta, ta kwanta a takarda. Babu kasuwar da za ta gwada ta, babu ɗan tasha da zai gutsure mata rabi, babu uwar da za ta yi wa ɗanta faɗa da ita.

Yadda Latin ta kai ga wannan hali shi ne abin da ya kamata Injiniya ya duba. Mutane na cewa ta mutu, amma ba wata rana da aka wayi gari aka yi jana'izarta. Rabuwa aka yi. Malamai suka riƙe Latin ɗin littafi, suka hana ta motsi, mutanen titi kuma suka ci gaba da tasu suna lanƙwasa ta yadda bakinsu ya so. A littafi doki equus ne. A bakin sojoji da 'yan kasuwa caballus ne, wato doki irin na ɗaukar kaya. Yau Bafaranshe cheval yake cewa, ɗan Sifen caballo. Kai a littafi caput ne, amma a titi ana tsokanar mutum da testa, tukunyar ƙasa, kamar dai mu ce ƙoƙon kai. Ita ce ta zama kalmar kai a Faransanci da Italiyanci. Tafiya ta yi tafiya har a shekarar 813 wani taron manyan limaman coci a birnin Tours na Faransa ya ba da umarni a riƙa wa'azi da harshen mutanen karkara, domin jama'a sun daina gane Latin ɗin da ake karanta musu. Ta titin ta zama Italiyanci, Faransanci, Sifaniyanci, Fotugis da harshen Romaniya. Ta littafin kuma ta zauna a jami'a da coci da kotu ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulki. Da ita Newton ya rubuta babban littafinsa a 1687. Tana da ilimi, ba ta da gida.

(Af, tunda an ambaci Fotugis. 'Yan gwagwarmayar ƙungiyar ɗalibai, masu ɗaga hannu suna "Aluta continua" suna jin kamar Latin suke yi: ba Latin ba ce. Fotugis ce, taken 'yan FRELIMO ne lokacin yaƙin ƙwatar 'yancin Mozambik, ma'anarta gwagwarmaya na ci gaba. In kun ce jikar Latin ce, na yarda.)

A Najeriya, Latin ta makaranta ta bakin teku ta shigo. Makarantar sakandare ta CMS da aka buɗe a Legas a 1859 tana koyar da Latin da Girkanci tun farkonta, kuma an daɗe a kudu ana auna ɗan boko da yawan Latin ɗin da zai iya yayyafa wa zancensa. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, sashen nazarin Girka da Rum na cikin na farko-farko, kuma taken jami'ar har yau da Latin yake, Recte sapere fons. Mawaƙi Christopher Okigbo a wannan sashe ya yi karatu, haka Cif Bola Ige, haka Emeka Anyaoku da ya zama babban sakataren ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila. A Malawi abin ya fi haka, don Shugaba Kamuzu Banda makaranta ya gina a 1981 ya wajabta wa yara Latin da Girkanci. Mu nan Abuja kuma duk wanda ya bi zaman Majalisar Wakilai tsakanin 2007 da 2011 zai tuna Patrick Obahiagbon na Edo, wanda in ya miƙe sai 'yan jarida su nemi ƙamus. Yanzu in kana neman inda Latin ta yi sansani a Abuja, hanyar Bwari za ka bi. Can Makarantar Horon Lauyoyi ta mayar da hedikwatarta daga Legas a 1997, can kuma Jami'ar Veritas take, wadda sunanta ke nufin gaskiya.

Mu a Arewa ba ta samu wannan gindin zama ba, domin kujerar da za ta hau akwai mai ita. Harshen malamai, na shari'a, na wasiƙar sarki zuwa sarki, na hatimi, tun zamanin da Wangarawa suka iso Kano a ƙarni na 14, da zuwan Shehu Magili lokacin Sarki Muhammadu Rumfa, Larabci ne. Turawa da kansu sun san haka. A 1934 aka buɗe makarantar horon alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Kwalejin Katsina, da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ta koma Kaduna, ta koma Zariya, ta zama Barewa, takenta ba Latin ba ne, Man jada wajada ne. Shi ya sa ma irin wasan Barista ba baƙo ba ne a wurinmu, da Larabci muka saba yin sa. Wa bai taɓa zama da ɗan Islamiyyar da zai mayar da "miƙo mini cajar nan" Larabcin fasaha, da i'irabi cikakke, har da tanwini, ana ta dariya ba? Bambancin kawai, Larabci na da ɗaruruwan miliyoyin masu sayen tumatir da shi.

Amma kada mu yi saurin cewa ba ruwanmu da Rumawa. Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni daɗi da na shiga tono. Arewacin Afirka ya shekara ɗaruruwa ƙarƙashin Rum. Sarkin Rum Septimius Severus, da ya hau mulki a 193, haifaffen Libiya ta yau ne. Garin Gadamas, wanda fatakensa suka yi zamani suna kasuwanci a Kano, Rumawa sun taɓa ajiye sojoji a cikinsa. Kalmomi kuma ba sa neman biza. Takarda, wannan takardar da muke wahala a kanta, masana harshe sun bi sawunta daga Hausa zuwa bakin Buzaye da Barbar, daga can zuwa charta ta Latin, wadda su ma Rumawa daga Girkawa suka aro. A kan raƙumi ta ƙetaro Sahara, ɗaruruwan shekaru kafin Lugga. Dinari da ake lissafin sadaki da zakka da shi, ta Larabci ya zo mana, asalinsa denarius ne, kuɗin Rumawa. Mu ma mun shiga tasu: littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, an fassara shi zuwa Latin a 1556, kuma a cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Tun ƙarni na 16 wani malami a Turai na zaune yana karanta labarin ganuwar Kano da harshen Cicero.

Sai kuma waɗanda suka shigo ta Turanci suka saje har ba ma ganin su. Likita, asibiti, ofis, mota, injin, minti, sakan, duk 'ya'yan Latin ne da suka yi kaciya a ƙasar Hausa. Bidiyo ma'anarta "ina gani." Fensir, "ɗan wutsiya," daga burushin gashi da ake zane da shi. Bas ita ce abin tausayi, domin asalinta omnibus, "na kowa da kowa," aka yar da kalmar aka bar ɗafa-ƙeyarta kawai, ita muke rububin shiga a Giri. Data, da muke roƙon juna kullum, ma'anarta "abubuwan da aka bayar," duk da ban taɓa ganin kamfanin da ya bayar ba. Kamfas fili ne kawai. Samista daga "wata shida" take, ko da yake wanda ya ga yajin aikin malaman jami'o'i na wata takwas a 2022 ya san lissafin Rumawa bai zo nan ba. Watan Yuli sunan Julius Kaisar ne, Agusta na magajinsa. Satumba na nufin na bakwai alhali shi ne na tara, don a tsohuwar kalandarsu daga Maris shekara ke farawa. Sanata kuwa daga senex, tsoho. Duk wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa, ko ya sani ko bai sani ba, ya fassara Latin ɗin daidai wa daida, ya fi Turancin ma fito da ma'anar. Kai, haruffan da nake rubuta wannan da su ma na Latin ne, mu dai muka yi wa uku daga ciki ƙugiya don su ɗauki ɓ da ɗ da ƙ.

Yanzu mu dawo kan na'ura mai ƙwaƙwalwa. Mu ma muna da namu kwamitocin, kuma sun yi aiki. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, ita ta shirya gasar rubutun 1933 da ta fito da su Abubakar Imam. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, kuma watanni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Ku yi tunanin aikin da ya hau kan Imam da abokan aikinsa: su bayyana wa mutumin Funtuwa da na Haɗeja jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku, da bam, da tankar yaƙi, babu ƙamus ɗin da za su duba. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa. A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, sauran gidajen rediyon ƙetare suka biyo baya, kowace safiya sai an samo wa wani sabon abu suna kafin a shiga ɗakin watsa labarai. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Har nan, in ka duba, kamar Vatican ne.

Inda hanya ta rabu shi ne abin da ke faruwa bayan kalmar ta fita daga ofis. Tana faɗawa hannun miliyoyin mutanen da ba su san an yi wani kwamiti ba, su ne kuma masu yanke hukunci. Wasu kalmomin suka karɓa hannu bibbiyu. Jirgin sama da jirgin ƙasa, an ɗauki jirgin da aka sani na kan ruwa aka ɗora shi a sama da ƙasa, yau wa ke jin su a matsayin fassara? Majalisar Ɗinkin Duniya, ku tsaya ku saurari kalmar nan da kyau, duniya ta yage a yaƙi an zo a ɗinke ta. Ni a wurina ta fi sunan Turancin. Tauraron ɗan'adam ya zauna. Yanar gizo ta zauna gefe da gefe da intanet. Ƙanjamau ta zauna, ta ma kori sunayen tsoratarwa irin su kabari-kusa.

Wasu kuma jama'a suka ce a'a. Da wayar hannu ta shigo a 2001, gidajen rediyo sun yi ta fama da wayar tafi-da-gidanka da wayar salula. Mutanen gari suka yanke duka suka ce waya, suka bar tsohuwar ta nemi wani suna. Na'ura mai ƙwaƙwalwa tana nan a labaran ƙarfe bakwai, amma a kasuwar Wuse ko Farm Centre ta Kano kwamfuta ake sayarwa. Injiniya na ganin wannan faɗuwa ce. Ni ina ganin alamar rai ce, domin equus da caballus ne ake sake yi a gabanmu. Akwai ma waɗanda ba kwamitin da ya haife su. A Daidaita Sahu sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau a Kano, jama'a suka cire shi suka manna wa babur mai ƙafa uku, har shirin ya wuce sunan na nan yana ɗaukar fasinja. Taliya daga sunan Italiya. A zaɓen gwamnan Kano na 2019 aka wayi gari da kalmar Turanci mai jinin Latin a bakin kowa, 'yan jarida na cewa zaɓen da bai kammala ba, 'yan gari kuma har tsofaffi na cewa inkonkulusib, har ta koma abin tsokanar duk wani aure ko ciniki da ya tsaya a rabi. Harshen da ke iya haɗiye kalma irin wannan ya mayar da ita abin wasa cikin mako guda bai yi kama da mai shirin mutuwa ba.

Na so in tsaya a nan in ce na kayar da Injiniya. Amma akwai inda maganarsa ta kama ni, kuma ba zan ɓoye ba.

Latin ta rasa titi ta riƙe jami'a. Mu namu haɗarin ta ɗaya gefen yake: Hausa na riƙe da titi gam, jami'a ce ke zame mata. Kuma ba wasu ke janye ta ba, mu ne. Na gwada da daren Laraba. A guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan digiri na biyu Hausawa, na ce kowa ya turo saƙon murya na minti ɗaya ya bayyana abin da yake bincike a kai, da Hausa, ba Turanci ko ɗaya. Aka fara da dariya. Mai nazarin ƙananan halittu ta kai sakan goma sha biyar ta tsaya ta ce, "Wallahi ban san yadda zan ce ba." Injiniya ya turo har sau uku yana gogewa. Wani ɗan fannin tattalin arziki ya yi ƙoƙari sosai, amma da muryar mai karanta labarai ya yi, yana kwaikwayo, kowa na tura alamar dariya. Wannan ta tsaya mini a rai. Ashe ba za mu iya faɗin iliminmu da harshen gidanmu ba sai mun mayar da abin wasa, daidai yadda muka yi da garau-garau da Latin a kan tabarma. Mu da muka fi kowa sanin abin, mu ne ba mu taɓa gwada faɗinsa ba, sai mu bar wa ɗan jarida shi kaɗai da ƙarfe biyar na asuba, in ya ƙirƙiro kalma kuma mu yi masa dariya.

Ni ma da nake ta cika baki ban tsira ba. Da hutun da ya wuce Umma ta tambaye ni, "Wai kai ɗan nan, shekara biyu kana cewa babi na biyu, babi na biyu, me ke cikin babin nan da ya ƙi ƙarewa?"

Na buɗe baki, sunan babin na Turanci ne kaɗai ke zuwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ai sai na karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan maganar, in nuna inda wane ya yi daidai, inda wane ya kauce, da inda kowa ya bari.

Ta ce, "Au, bin sawu kake yi. To ai mai bin sawu ba ya gaggawa, amma kuma ba ya kwana a kan sawu ɗaya."

Na ce, "Haka ne, Umma."

Na san a sashen Hausa suna da sunan da suke kiran wannan babi, bitar ayyukan da suka gabata, kuma daidai ne. Amma tun ranar, a kan fayil ɗin da ke cikin kwamfutata, Bin Sawu na rubuta.

Mun yi da 'yan guruf za a sake gwajin ranar Asabar, wannan karon an ba kowa kwana uku ya shirya, an kuma yarda ya tambayi uwarsa ko kakarsa ko mai shayin ƙofar makaranta. Injiniya ya ce zai zo da bayanin yadda kwamfuta ke koyo daga misalai, kuma wai in ya yi minti ɗaya ba Turanci, ni zan sayi garau-garau na mutum huɗu, da ƙwai. Na amsa, ko da yake Pecuniam non habeo. Wanda ke son shiga ya ajiye fannin karatunsa a ƙasa, in sa shi.

Daren Talatar kuwa sai wajen ƙarfe biyu da rabi aka kawo wuta. Barista ya miƙe tsaye a kan tabarma, ya ɗaga hannu kamar mai jawabi a gaban alƙali, ya ce, "Lux rediit!" Ba wanda ya tsaya tambayar fassara. Soket biyu ne a ɗakin, mu kuma mu huɗu ne.